Ƙurar Hunturu da Tafkin da Ya Mutu: Yadda Ƙasa, Ruwa, Iska da Masu Rai Ke Musayar Kaya

 

Duk wanda ya yi hunturu a Kano ko Katsina ko Damagaram ya san safiyar da ake wayar gari a iske sama ta yi fari fat, har mutum ya kalli rana ido da ido. Jirage su kasa sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, mata su yi shara da safe su sake da yamma, leɓe ya tsage, faso ya buɗe, kasuwar man kaɗanya ta tashi. Kowa ya san hazo daga arewa maso gabas yake zuwa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne cewa mai yawa daga cikinsa wuri guda yake fitowa, kuma wurin yana da suna.

Sunansa kwarin Bodele, a arewacin Chadi, kudu da garin Faya. Duwatsun Tibesti suna arewa da shi, na Enedi suna gabas. Iskar da ta taso daga hamadar Libiya da Masar takan matsu a tsakanin waɗannan duwatsu biyu, ta fito da ƙarfi, ta faɗa kan kwarin, ta kwashi abin da ta samu. Kimanin kwana 100 a shekara ana wannan tashin ƙura, galibi a hunturu. Masana sun yi ittifaƙi cewa babu wani wuri guda a bayan ƙasa da ya kai shi fitar da ƙura.

Wanda ya ɗebi ƙasar Bodele a hannu zai ga ba rairayi ba ce irin ta tuddan hamada. Fara ce, marar nauyi, tana murmushewa ta zama gari. Da aka sa ta a madubin likita sai aka ga ɓawon wasu mitsi-mitsin halittun ruwa ne, dangin gansakuka, waɗanda suka rayu suka mutu suka taru a gindin ruwa shekaru dubbai. A cikinta har da garin ƙashin kifi. Wato abin da ke sauka a kan kujerun mutanen Kano a watan Janairu, wani kasonsa gawar tafki ce.

Kuma ba ƙaramin tafki ba. Kimanin shekara 7,000 da suka wuce, Tafkin Chadi ya kai murabba'in kilomita 350,000, fiye da kashi ɗaya bisa uku na faɗin Najeriya ta yau, kuma Bodele shi ne wurin da ya fi zurfi. Gaɓar wannan ruwa tana nan ba ta ɓace ba: tudun yashin nan mai tsawo da ya bi ta Maiduguri ya nufi Bama, tsohon bakin tafkin ne. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna ta jihar Yobe ya ci karo da kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda aka auna aka ga ya kai shekara 8,000, mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka. A Gobero, cikin hamadar Tenere ta Nijar, an tono maƙabartar mutanen da suka rayu da kamun kifi, ga ƙugiyoyinsu ga ƙasusuwan dorina da kada. A Dabus, arewa da Agadas, an sassaƙa raƙuman dawa a jikin dutse, a wurin da yau ko akuya sai ta yi da gaske.

Me ya kawo ruwan, me ya ɗauke shi? Amsar tana can sama. Hanyar da duniya ke bi tana kewaya rana ba da'ira ce cikakkiya ba, akwai lokacin da take matsowa kusa, akwai lokacin da take nisa. A zamaninmu tana fi kusa da rana ne a farkon Janairu. Amma wannan lokaci yana zagayawa a hankali, cikin kimanin shekara 21,000. Shekara 10,000 da suka wuce, kusantar ta faɗo ne a tsakiyar shekara, lokacin damina. Hasken da ke dukan Sahara a waɗannan watanni ya ƙaru da kimanin kashi 7 cikin 100. Ƙasa ta yi zafi, iskar da ke kanta ta tashi sama, iska mai laima ta kwararo daga teku don cike gurbi, ta kutsa arewa can cikin hamada. Ruwa ya sauka, ciyawa ta fito. Daga nan sai masu rai suka shiga aikin: ƙasa mai ciyawa ta fi farin yashi riƙe zafin rana, ganye kuma yana mayar wa iska da ruwan da saiwa ta sha, sai hadari ya ƙara haɗuwa. Kashi 7 shi kaɗai ba zai mayar da hamada dausayi ba, tsirrai da tafkuna ne suka ninka shi. Da zagayen ya juya, kimanin shekara 5,000 da suka wuce, haka abin ya warware ta hanyar da ya ɗauru. Bodele kansa, in ji wani bincike da aka buga a 2015, bai ƙarasa ƙafewa ba sai kimanin shekara 1,000 da suka shige.

A wannan labari guda an ga ɓangarori huɗun da malaman kimiyya ke raba duniya a kansu: sandararriyar ƙasa da duwatsunta, ruwa, iska, da masu rai. Rabon na sauƙin karatu ne kawai. Ƙa'idar da ya kamata ɗalibi ya riƙe ita ce, ƙarfi yana shigowa yana fita, amma kaya ba ya fita. Hasken rana yana zuwa kullum, kimanin kashi 30 cikin 100 gajimare da ƙanƙara da farin yashi su mayar da shi nan take, sauran ya ɗumama ƙasa da teku, ya tayar da iska, ya ɗaga tururi, ya ciyar da ganye, sannan ya koma sarari a matsayin zafi. Shi kuwa ruwa da gishiri da ƙarfe da sinadarin kabon, abin da ke nan shi ke nan, sai dai ya sauya mazauni. Wani mazaunin na ɗan lokaci ne, domin tururin ruwa ba ya wuce kimanin kwana 9 a iska. Wani kuwa na dubban shekaru ne, kamar ruwan da ke kwance a ƙarƙashin hamada tun zamanin masu kwalekwalen Dufuna.

Wani lokaci sauyin mazaunin yakan zo da tashin hankali. A daren 21 ga Agusta 1986, tafkin Niyos da ke bakin wani tsohon dutse mai aman wuta a arewa maso yammacin Kamaru ya saki iskar kabon da ta daɗe tana tsatsowa daga cikin ƙasa tana taruwa a gindin ruwan. Iskar ta fi wadda ake shaƙa nauyi, sai ta gangara kwaruruka. Mutum fiye da 1,700 suka rasu, da dabbobi dubbai, da yawa cikin barci. Daga dutse zuwa ruwa ta ɗauki shekaru aru-aru, daga ruwa zuwa huhun mutane dare ɗaya.

A koma ga ƙura. Zangonta na farko nan ne ƙasar Hausa da Barno. Manoma sun daɗe suna cewa shekarar da aka sha hazo gona takan yi kyau, kuma ba su yi ƙarya ba: awon da aka yi a kewayen Kano ya nuna ƙurar tana ɗauke da sinadaran da jigawa ke ƙishirwarsu, kuma wani kaso na ƙasar noman yankin iska ce ta jibge shi tun zamanin da. Sai dai kyautar da haƙori take zuwa. Busasshiyar iska mai ƙura tana ƙeƙasar da hanci da maƙogwaro, ta buɗe wa ƙwayar cutar sanƙarau hanya zuwa jini. Shi ya sa annobar ke tashi tsakanin hunturu da bazara a zirin da ya taso daga Senegal zuwa Habasha, ta kuma lafa da zarar ruwan farko ya sauka. A 1996 mutum fiye da 100,000 suka kamu a Najeriya, fiye da 11,000 suka rasu, akasari a Arewa.

Wadda ba ta sauka nan ba takan wuce ta faɗa sararin Tekun Atilantika. A Janairun 1832, Charles Darwin yana cikin jirgin ruwa kusa da tsibiran Kef Bade ya ga wata ƙura mai laushi tana sauka a kan jirgin. Ya tara irinta ya aika wa wani masani Bajamushe, Ehrenberg, wanda ya duba ya ga ɓawon halittun ruwan daɗi a cikinta, a tsakiyar ruwan gishiri. Wadda ta faɗa teku ba asara ba ce. Tana ɗauke da sinadarin ƙarfe, wanda ƙananan tsirran teku ke ƙaranci, su kuma su ne abincin farko na kifaye, kuma suna zuƙe iskar kabon daga sama.

Saura kuma ta ƙetare gaba ɗaya, cikin mako guda zuwa kwana goma. A 2015 wasu masana na hukumar NASA ta Amurka, ƙarƙashin Hongbin Yu, suka fitar da lissafin da wani tauraron ɗan Adam ya yi daga 2007 zuwa 2013. A matsakaici, tan miliyan 182 na ƙura ke barin gaɓar yammacin Sahara duk shekara. In a tirela za a loda ta, irin mai ɗaukar buhun siminti 600, sai an nemi tirela miliyan 6. Daga ciki, tan miliyan 27.7 kan sauka a dajin Amazon na Kudancin Amurka, ɗauke da kimanin tan 22,000 na sinadarin fosfaras, wanda manomi ya sani a takin supa, shi ne kuma harafin tsakiya a buhun NPK. Dajin Amazon duk da duhunsa a kan tsohuwar ƙasa yake tsaye, wadda ruwan sama ya wanke ta tas. Abin da ruwa da ambaliya ke kwashewa na fosfaras duk shekara ya yi kusan daidai da abin da ƙurar ke kawowa.

Nan akwai buƙatar a yi hattara, domin labarin ya yi daɗi har wasu sun ƙara masa gishiri. A 2006 an buga cewa rabin ƙurar da ke isa Amazon daga Bodele kaɗai take. Binciken baya-bayan nan ya yi jayayya da haka, yana cewa yawancin ta Bodele tana zubewa a hanya, a Afirka ta Yamma da cikin teku, kuma hamadar da ke tsakanin Mali da Muritaniya ta fi ta kai kaya can. Ba a gama wannan muhawara ba. Abin da babu jayayya a kansa shi ne Sahara na yi wa Amazon taki. Mai cewa dajin zai mutu gobe in ƙura ta tsaya kuwa, ya wuce abin da awo ya nuna.

Hanyar ba ɗaya ba ce, akwai ta dawowa, kuma ita ta fi shafar tukunyar talaka. Ruwan da ke sauka a gonar gero a Daura tururi ne da rana ta ɗaga daga Tekun Atilantika, iskar kudu maso yamma ta turo shi, dazuzzukan kudu suka sha suka sake fitarwa kafin ya iso. Hadarin da ke tasowa daga gabas da la'asar, wanda ke cika lambatun Kano, yakan ci gaba da tafiya yamma har ya fita teku ta Senegal. Akasarin manyan guguwowin da ke rusa gidaje a tsibiran Karebiyan da kudancin ƙasar Amurka daga irin wannan hadari na Afirka suke farawa. Busasshiyar iska mai ƙura kuma, in ta shiga tsakaninsu, takan shaƙe su tun suna ƙanana.

Sai aka zo shekarun fari. Dattawan da ke wannan zaure sun ga 1973, sun ga 1984, sun ga garken shanu ya ƙare a hanyar kudu. Tambayar da duniya ta yi a lokacin ita ce, laifin wa? A 1975 wani babban masanin yanayi Ba'amurke, Jule Charney, ya kawo bayanin cewa in dabbobi suka cinye ciyawa, ƙasa ta yi tsirara ta yi fari, sai ta riƙa mayar da hasken rana, iska ta daina tashi, hadari ya daina haɗuwa. Lissafinsa ba shirme ba ne, shi ne dai abin da ya faru a tsohuwar Sahara. Amma waɗanda suka ɗauki maganar suka kai ta ofisoshi sun mayar da ita hukunci: makiyayi da mai saran itace su suka kori ruwa. Shekaru aka yi ana tsara manufofi a kan wannan zargi.

Daga baya awo ya nuna wani abu dabam. Masana a Ingila a 1986 sun danganta farin da zafin tekuna, sannan Alessandra Giannini da abokan aikinta a 2003 suka nuna cewa in aka ba kwamfuta zafin saman tekunan duniya kawai, shekara bayan shekara, ba tare da an gaya mata komai game da shanu ko gatari ba, tana fitar da farin Sahel kusan yadda ya faru. A waɗannan shekaru arewacin Atilantika ya yi sanyi in an gwada da kudancinsa, Tekun Indiya ya ɗumama, sai zirin ruwan sama ya ja baya zuwa kudu. Bincike da dama sun kuma nuna cewa hayaƙin farar wuta daga masana'antun Turai da Amurka masu ƙona kwal yana da hannu wajen sanyaya arewacin tekun, domin yana tare hasken rana. Lalacewar ciyawa ta ƙara wa farin tsanani, wannan gaskiya ne, amma ba ita ta kira shi ba. A ra'ayin mai wannan lacca, an zalunci makiyayin Sahel sau biyu: ya rasa dukiyarsa, sannan aka ɗora masa laifin da mafarinsa ke nisan dubban kilomitoci.

Farin ma ya bar sawu a hayin teku. Joseph Prospero na Jami'ar Miyami yana da tashar tara ƙura a tsibirin Barbados wadda aka fara awo a cikinta tun 1965. A farkon shekarun 1980 ƙurar da ke isa can ta ninka ta shekarun 1960 kusan sau huɗu.

Tafkin Chadi na yau shi ne ma'aunin da ya fi nuna abin a fili. A 1963 ya kai murabba'in kilomita 25,000. A tsakiyar shekarun 1980 bai kai 2,000 ba. Tafki ne marar zurfi, rana kuma tana shanye fiye da mita 2 na ruwa daga samansa duk shekara, don haka rayuwarsa a hannun koguna take. Kimanin kashi 90 cikin 100 na ruwan da ke shigarsa kogin Shari da Lagon ne ke kawo shi, daga Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da tsaunukan Adamawa na Kamaru. Masuncin Baga da ke shirya banda, ruwan saman da ya sauka a wata ƙasa, nisan ɗaruruwan kilomitoci, shi ke yanke masa yawan kifin bana. Tun daga shekarun 1990 ruwan ya ɗan farfaɗo, tafkin yana cika yana janyewa, don haka masu cewa ya kusa ɓacewa kwata-kwata su ma su sassauta.

Akwai abin mamaki a tafkin nan da ya cancanci a tsaya a kansa. Ba shi da mafita zuwa teku, kuma irin waɗannan tafkuna galibi gishiri ne ke kashe su. Shi kuwa ana shan ruwansa. Dalili shi ne wani kaso na ruwan yana tsiyayewa ta ƙarƙashin ƙasa, yana tafiya da gishirin, ya ɓulla a kwaruruka na arewa maso gabas, rana ta ƙafar da shi ya daskare. Ungurnun da fatake suka yi ta kawowa kasuwar Kurmi daga Barno ke nan. Kanwar da aka jefa a miyar kuɓewa ko aka ba saniya ta lasa, ma'adinin dutse ne da ruwan sama ya narkar, kogi ya ɗauko, rana ta tace.

Da wannan fahimta ya kamata a duba ayyukan hannunmu. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. Sun ba Kano ruwan sha, sun ba Kadawa da Kura shinkafa da tumatir da alkama, ba mai musun wannan. Amma ruwan da aka tare a sama, an hana shi wani ne a ƙasa. Fadamar Haɗeja da Nguru da ambaliyar shekara-shekara take rayuwa: ita ke kawo kifi, ita ke jiƙa gonakin shinkafa, ita ke barin ciyawar rani ga makiyaya, ita ke nutsewa ta cika rijiyoyin ƙauyukan da ba su ma ganin kogin. Da ambaliyar ta ragu, ruwa kuma ya koma gudana kaɗan-kaɗan rani da damina, sai kacalla ta samu yadda take so, ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi. Masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokansa sun yi lissafi a shekarun 1990 suka ga cewa amfanin da ake samu daga kowace ganga ta ruwa a fadamar ya fi wanda ake samu a aikin noman rani na sama nesa ba kusa ba. Ba a yi wannan lissafi ba kafin a gina madatsun.

Misalin da ya faranta rai daga Nijar yake. Tun tsakiyar shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka koma barin tohon itatuwa a gonakinsu suna yi musu sassabe na gyara maimakon tumɓukewa. An ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200. Jagoran itatuwan shi ne gawo, wanda ke zubar da ganye daidai lokacin da damina ta kama, ya bar wa gero rana. Saiwarsa tana janyo ruwa da ma'adinai daga zurfin da gero ba ya kai wa, ƙwayoyin halittar da ke jikin saiwar suna kamo sinadarin naitirojin daga iska, dabbobi su ci 'ya'yansa da rani su bar taki a gindinsa, rassansa su karya ƙarfin iska. Manomi bai sayi komai ba, hanya kawai ya bar wa musayar da ke gudana tun asali.

Abin da ya rage shi ne awo. Duk alƙaluman da aka ambata yau, wani ne ya zauna shekara da shekaru yana rubutawa, kuma akasarinsu ba 'yan yankin nan ba ne. Hukumar Yanayi ta Duniya ta sha kokawa cewa Afirka ce nahiyar da ta fi ƙarancin tashoshin auna yanayi. Hasashen damina da hukumar yanayi ta Najeriya, NiMet, ke fitarwa duk shekara, da aikin cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, ba za su fi ingancin bayanan da ke shiga cikinsu ba. Don haka kira ga shugabannin makarantu da ke nan: a kafa ma'aunin ruwan sama a kowace sakandare, a ba ɗalibai littafi su riƙa rubuta abin da ya sauka kowace safiya, su auna zurfin rijiyar makaranta farkon kowane wata, a kuma aika wa hukuma kwafi. Kuɗin ma'aunin bai kai na buhun taki ba.

Allah Ya ba mu damina mai albarka.